Yadda ake yini a gaɓar Vumawimbi ta tsibirin Pemba

Vumawimbi wata doguwar gaɓar teku ce a can ƙuryar arewacin tsibirin Pemba, ƙasar Tanzaniya. Da Swahili sunan na nufin inda igiyar ruwa ke ruri. Farin rairayi ne mai laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu, daji a bayansa, Tekun Indiya a gabansa. Ranar da na yini a can, daga hantsi zuwa la'asar abin da na gani bai wuce masunta da kwale-kwalensu ba, sai wasu shanu masu tozo kwance a kan yashi suna tuƙa, sai yara uku da suka bi ni da kallo har suka gaji suka kama gabansu. Babu shago, babu rumfar mai shayi, babu banɗaki, babu kuma wanda aka ɗauka aiki don ya tsamo ka in ruwa ya ja ka.

Wannan rashin shi ke kai mutum wurin, shi ne kuma ke iya mayar da shan iska ya koma jaje. A gaɓar da otal-otal suka cika akwai mai yi maka lissafin komai. A nan kai za ka yi wa kanka, kuma yawancin lissafin da kwanan wata ake yin sa, irin namu na Hijira. Ga yadda za ka bi abin daga gida har ka taka yashin ka dawo.

Takardu tukuna

Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin jerin ƙasashen da sai an miƙa takardun mutum ga manyan hukumar shige da fice sun duba sun amince. Ta intanet ake cikewa, kuma su da kansu suke ba da shawarar a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma a sayi tikiti sai amsa ta fito. Ka ji wannan shawarar, don kamfanin jirgi ba ruwansa da cewa bizarka ta makara.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, ɗan rawayan nan. Duk wanda ya taso daga ƙasashenmu za a tambaye shi. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta kamfaninta, dala 44, mai aiki na kwana 92, ko da kana da wata inshorar a aljihu. Pemba a ƙarƙashin Zanzibar take. Ita kuwa Zanzibar, duk da ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya, tana nan da gwamnatinta da shugabanta, shi ya sa ko daga Darussalam ka taso sai an ce ka fito da fasfo.

Zaɓi wata, sannan ka zaɓi kwanan wata

Na farkon mai sauƙi ne. Ka guji Afrilu da Mayu, lokacin babbar daminarsu da suke kira masika. Pemba ruwa take sha sosai, tun da can Larabawa suka sa mata suna Jaziratul Khadra, koren tsibiri, kuma hanyar daji ba ta biyuwa da daɗi in ƙasa ta jiƙe. Daga Yuli zuwa Oktoba iskar kudu ce ke kaɗawa, kusi, gari ya yi sanyi-sanyi. Daga Disamba zuwa Maris kuma iskar arewa maso gabas ce, kaskazi, ga zafi, ga shi gaɓar nan tana kallon inda iskar ke fitowa, sai ta riƙa turo mata raƙuman ruwa da ciyawar teku da robobin da wasu ƙasashe suka zubar. In da ni ne, Agusta zuwa Oktoba zan zaɓa.

Na biyun ne mutanenmu ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ruwan da ya sani shi ne dam da gulbi da kududdufi, ruwan da ke cika da damina ya ƙafe da rani. Teku kuwa kullum sai ya cika sau biyu ya janye sau biyu. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintoci, kuma kowace rana abin na jinkirta da kamar minti 50 a kan na jiya. Masunta suna ce wa cikar maji kujaa, janyewar maji kupwa. Ka riƙe kalmomin nan biyu ko da ba ka riƙe komai na Swahili ba.

Wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa. In suka yi layi ɗaya da duniya, wato farkon wata da tsakiyarsa, jan nasu kan haɗu, ruwa ya cika maƙil ya kuma janye can nesa. Wannan shi ne bamvua. A gaɓoɓin Zanzibar bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa a irin waɗannan ranaku yana kaiwa kusan mita 4, ya fi tsayin mutum biyu in an ɗora wani a kan wani. In kuwa wata ya yi rabi, jan nasu kan saɓa, ruwan ya yi kasala, ba ya cika sosai ba ya janyewa sosai. Suna ce masa maji mafu, mataccen ruwa.

To ga amfanin abin a gare ka. A wannan yankin, ranakun bamvua, wato 1 zuwa 3 ga watan Musulunci da 15 zuwa 17, ruwa kan janye ƙarshen janyewa da hantsi, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, ya cika wajen huɗu zuwa biyar na yamma. Ranakun mataccen ruwa kuwa, wajen 8 da 9 ga wata da 23 da 24, da hantsin ne yake cike, kuma cikar mai ladabi ce. Saboda haka ka tambayi kanka abin da ya kai ka. In so kake ka yi tafiya a ƙasan teku, ka ga murjani da ƙaguwa da ƙananan kifaye a ramukan da ruwa ya bari, je ka ranar bamvua ka isa da sassafe. In wanka kake so ko kana tare da yara, je ka ranar mataccen ruwa. Wannan ƙiyasi ne na tsara tafiya tun daga gida. Daren da za ka wayi gari ka tafi, ka buɗe jadawalin cikar ruwa na Pemba a intanet ka ɗauki hotonsa a waya, don a can sabis sai an dace.

Isa Pemba

Jirgin Habasha na ɗauka daga Kano, Abuja ko Legas, a sauka Adis Ababa a sauya zuwa Unguja, babban tsibirin da aka fi sani da Zanzibar, ko zuwa Darussalam. Agogonsu na gaba da namu da awa biyu. Daga Unguja ƙananan jirage ke tashi zuwa filin da ke kusa da garin Chake Chake na Pemba, tafiyar kamar rabin awa, kuma ba sa yarda da tulin kaya. Akwai jirgin ruwa zuwa Mkoani a kudancin Pemba, ya fi araha, amma ba kullum yake tashi ba, kuma mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu ruwa ne mai faɗa. A nan jirgin Spice Islander ya nutse ranar 10 ga Satumban 2011, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ɗaruruwan mutane suka rasu. An gyara abubuwa da yawa tun daga lokacin, amma in ka ga jirgi ya cika ya batse, ka haƙura da shi.

Tsawon Pemba duka bai kai kilomita 70 ba. Ka ciri kuɗinka, shilin Tanzaniya, a Chake Chake, ka kuma nemi canji ƙanana, don daga nan arewa kowa hannu da hannu yake karɓa. Ka kwana a garin Wete ko a ɗaya daga 'yan masaukan arewa, kada ka ce daga filin jirgi za ka zarce gaɓa. A hanya, in kakar kanumfari ce, za ka gan shi an shanya a tabarmi a gefen titi, ƙamshinsa na shigowa har cikin mota. Sarakunan Oman ne suka cika tsibiran da itatuwansa a ƙarni na 19, da gumin bayi, kuma har yau Pemba ce ke ba da mafi yawan na Zanzibar. Ka sayi na tsaraba a shago. Hukumar gwamnati ce ke sayensa daga manoma, kuma fitar da shi buhu-buhu ta bayan fage laifi ne.

Ka daidaita agogo da direba

A nan na yi asarar yini guda, don haka bari in daɗe kaɗan. Bahaushe na isa ƙasar Swahili sai ya ji kamar ya zo gidan dangi: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, Alhamisi, Ijumaa, duk kunnenmu ya sani. Sai mutum ya saki jiki. Na ce wa mai mota ya zo ya ɗauke ni saa tisa, ina alfahari na gano tisa tara ce tunda muna cewa tis'in. Tara na safe na fito da jakata na zauna a dakali. Goma ta yi, sha biyu ta yi, shiru. Ƙarfe uku na rana sai ga shi yana murmushi, ya zo daidai lokaci. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Bakwai na safe ita ce saa moja, awa ta ɗaya. Tara na safe saa tatu. Saa tisa kuwa uku na rana ce. Ka ƙara shida ko ka rage shida, shi ke nan. Abin da ya fi tsira ma shi ne ku yi alkawari da lokutan sallah, don sunayen kusan ɗaya ne: alfajiri, asubuhi, adhuhuri, alasiri, magharibi. Ka kuma nuna masa a fuskar agogo ya gyaɗa kai.

Ku gama ciniki tun da dare, kuɗin zuwa da dawowa da na jira, rabi yanzu rabi in an dawo. Kada ka yarda da "zan je in dawo in ɗauke ka". Ya zauna da kai. Ranar Juma'a kuma ka bar ta, kowa masallaci ya nufa, kai ma haka.

Guzuri

Ruwan sha shi ne kan gaba, lita uku ga kowane mutum, ban da gora guda ta ɗauraye jiki da ƙafa. Iskar teku na ɓoye ƙishirwa, sai kai ya fara sarawa mutum zai gane. Abinci wanda ba ya lalacewa a zafi: burodi, dabino, ayaba, gyaɗa, ko chapati da maandazi, fankasau ɗinsu, da za ka saya a garin Konde, a kan hanyar gaɓar. In da shinkafa da miya a kula ne, a ci kafin azahar. Takalmin roba mai rufe ƙafa mai kaurin ƙasa, ba silifas ba. Malafa ko hula mai baki, tabarau, man kare fata daga rana. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Farin yashi da ruwa suna mayar da hasken daga ƙasa, washegari kafaɗa ta fara saɓa. Tabarma ko babban zane, darduma, buta, ashana, ɗan bandeji da maganin wanke ciwo da hantsaki, fulas na ruwan zafi, tocila, da batirin ajiyar caji.

Sai jakar da za ka kwaso shararka. Ka lura, tun 1 ga Yunin 2019 Tanzaniya ta haramta ledar cefane, har a filin jirgi ana karɓewa. Jakar yadi za ka riƙe.

Daga Konde, ta cikin daji

Konde ne gari na ƙarshe mai kasuwa. Daladala, motar hayarsu, a nan take juyawa. In ba ka ɗauki shatar mota ba, daga nan sai ɗan acaɓa, bodaboda. Hagu suke bi a titi, ka kula wajen tsallakawa. 'Yan kilomitoci kaɗan yamma da garin za ka tarar da ƙofar dajin Ngezi, wanda aka keɓe tun 1959, hekta kusan 1,440, ragowar kurmin da ya taɓa rufe yawancin tsibirin kafin a sare a dasa kanumfari. A ƙofar ake biyan kuɗin shiga. Ka karɓi rasit, ka kuma gaya wa ma'aikatan lokacin da kake sa ran fitowa. Wannan kaɗai ya sa akwai wanda ya san kana ciki.

Hanyar da na bi ta ƙasa ce, wani wuri yashi har taya na lumewa, itatuwa sun haɗe a sama kamar rumfa. Akwai birai, kada ka ba su abinci. Akwai kuma wani babban jemage mai jan ƙirji wanda faɗin fikafikansa ke kai mita ɗaya da rabi, ba a samunsa ko'ina a duniya sai Pemba. 'Ya'yan itace yake ci, bai damu da kai ba. Bayan dajin hanya ta rabu: ta hagu ta nufi gaɓar Verani ta yamma inda 'yan otal suke, miƙaƙƙiyar ta kai ka hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Ras Kigomasha da Turawan Ingila suka kafa a farkon shekarun 1900, ta dama kuma ita ce taka. Za ka ji rurin kafin ka ga ruwan. An daɗe ana maganar gina katafaren otal a wajen, masu kare daji na adawa, saboda haka in kana da niyya kada ka yi ta ɗagawa.

Da ka isa

Kafin ka cire takalmi, ka gaisa. Ana cewa wurin ba kowa, amma wurin neman abincin wasu ne, kai ne ka shigo musu. Sallama ta wadatar, kusan kowa Musulmi ne. Dattijo ko dattijuwa ka ce shikamoo, za a amsa da marahaba, yara kuma kai za su ce wa. Daga nan ka tambayi abu biyu, ko da da nuni ne: ruwan cikowa yake ko janyewa, kuma ina ne ba a shiga. Da ɗan gari akan ci gari, kuma masuncin da ya yi shekara talatin yana fita daga wannan gaɓa ya fi kowace manhaja sanin inda ruwa ke ja. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaya, musamman mata. Kada ka hau ngalawa, kwale-kwalen nan mai fiffike biyu, don ka yi hoto, ba abin ado ba ne. In ka ga turaku a jere cikin ruwa da igiyoyi a ɗaure, gonar mwani ce, ciyawar tekun da matan yankin ke nomawa su busar su sayar. Ka zagaye kamar yadda za ka zagaye fadamar albasar wani.

Sannan ka nemi wurin zama. Ka dubi yashin, za ka ga wani layi na busasshiyar ciyawa da ɓawon katantanwa da 'yan itace ya bi tsawon gaɓar. Nan ruwa ya tsaya a cikarsa ta baya. Kayanka su zauna sama da layin, da taku goma in ranar bamvua ce, don cikar yamma na iya wuce ta asuba. Ka sami inuwa a bakin daji, amma ka ɗaga kai: in kwakwa ce a samanka, matsa.

Tafiya a ƙasan teku, da shiga ruwa

In ka zo ranar bamvua, ka fara bin ruwan tun yana janyewa, kamar awa ɗaya da rabi kafin ya kai ƙarshe, ka kuma sa wa wayarka ƙararrawa daidai lokacin da jadawali ya ce zai juyo. Tana kaɗawa ka juya. Dalili shi ne ruwan ba ya dawowa da gudu ɗaya. In ka raba abin da zai ƙaru gida goma sha biyu, awa ta farko kashi ɗaya yake kawowa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu uku-uku, sannan ya sassauta. Rabin ruwan ke nan cikin awa biyun tsakiya, kusan mita guda a kowace awa in cikar babba ce. Farkon ne ke yaudara, mutum ya ga ruwa iya idon sawu ya ce da sauran lokaci. Kuma ba ta gabanka yake zuwa ba. Kwarurrukan da ka ƙetare a bushe su yake fara cikawa, kana tsaye a tudu kana kallon kifi, ka waiga ka ga gulbi tsakaninka da tabarmarka.

Takalmin nan kada ya bar ƙafarka. Akwai wata baƙar halitta mai kama da bushiya da ke maƙale a duwatsu, ƙayarta na karyewa a cikin nama. In ka taka, ka zauna, ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi mai zafi-zafi, ka zare waɗanda suka fito da hantsaki, kada ka tona da allura. Mutanen wurin kan shafa ƙaron ɗanyen gwanda. Akwai kifi mai kama da dutse mai dafi a ƙayar bayansa, da wani mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a yashi, dafinsa a wutsiya. Maganin na biyun shi ne ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, yana jin motsi zai gudu. In ɗayansu ya same ka, ruwan zafi iya yadda fata za ta jure, wanda ya sa na ce ka riƙo fulas, sannan a wuce asibitin Wete ba tare da jira a ga yadda za ta kaya ba. Katantanwa mai siffar mazurari da zane mai kyau kuma kada ka ɗauka da hannu in mai ita na ciki, harbi take yi.

Batun wanka, zan faɗi abin da ba a son ji. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a dam ya koya, ruwan da ba ya ja. In haka kake, iyakarka cinya, kuma fuskarka na kallon teku, kada ka ba igiyar ruwa baya. Wurin da ka ga ya yi lumui, ya fi duhu, babu kumfa, tsakanin wurare biyu da ruwa ke fashewa, shi ne mafi haɗari, don ta nan ruwan da ya bugi gaɓa ke komawa da gudu. In ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi. Ka kwanta rigingine ka bari ya tafi da kai, ka ɗaga hannu, in ya sassauta ka yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, sannan ka nufo tudu. In kuma wani ne ruwan ya ɗauka, kada ka faɗa ka bi shi. Ka jefa masa jarka ko gora mai murfi, ka yi wa masunta ihu. Yara kuwa ko a ruwa iya gwiwa, hannu ya kai gare su.

Sutura: Pemba ta fi Unguja kamun kai nesa ba kusa ba, kuma wannan bai zama mana baƙon abu ba. Namiji wando har gwiwa da riga. Ke kuma Hajiya, doguwar riga mai ɗan kama jiki da wando da ɗankwali ɗaure tam. Hijabi mai faɗi da zane ki bar su a tabarma, in suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa.

Sallah

Ruwan teku na alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, sai dai gishirin na da zafi a ido da hanci, don haka na ce a riƙo buta. Alƙibla ce abin lura. Da azahar ta yi na shimfiɗa darduma na fuskanci teku, tunda a kan Bahaushe alƙibla gabas ce, har "gabas" muke ce mata. Ban kai ga kabbara ba wani dattijo da ke ɗinkin koma a gindin bishiya ya ajiye zarensa ya taso. Bai ce uffan ba. Ya kama kafaɗuna biyu ya juya ni hagu, ya nuna tsawon gaɓar da haɓa, ya koma ya ci gaba da ɗinkinsa. Pemba da Makka kusan a kan layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, alƙiblarsu arewa ce sak, har a Swahili kalmar kibla kan ɗauki ma'anar arewa. A Vumawimbi, tekun ya zauna a hannunka na dama. In ka bi jam'i a ƙauye, yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u. Da azumi kuma ba a ci a fili da rana, ko kai matafiyi ne.

Kifi, da abin da ba a ci

In kwale-kwale suka shigo da cikar ruwa za ka iya sayen kifi ko pweza, dabbar nan mai hannuwa takwas da mutanen Pemba ke dafawa da madarar kwakwa. Ka tsaya ka ga yadda 'yan gari ke taya kafin ka buɗe baki, ka tambaya bei gani, nawa ne, kada kuma ka matse wanda ya kwana a ruwa kan canjin da ba zai saya maka ruwan leda a gida ba. Ka kai masauki a dafa maka. Hura wuta a bakin dajin da aka keɓe neman rigima ne. In aka miƙo maka dafu, ɗanyar kwakwa da aka fasa kanta, ka sha ka biya.

Abu ɗaya ne ko kyauta aka ba ka kada ka kai baki: naman kunkurun teku. Doka ta hana kama shi, kuma wani lokaci naman na ɗauke da gubar da dahuwa ba ta kashewa, ba a kuma gane ta a ido ko a ɗanɗano. A Nuwamban 2021 mutum 7 suka rasu a Pemba bayan sun ci, a Maris ɗin 2024 kuma yara 8 da babba guda a ƙaramin tsibirin Panza da ke kudu. Wanda zai ce maka ai naman teku duk halal ne, ka ce masa halaccin bai cire gubar ba. In ka ga sawun kunkuru ya hau yashi zuwa wani ɗan tudu, ƙwai macen ta binne, ka bar wurin yadda ka same shi.

Komawa

Kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa ake, rana na faɗuwa tsakanin shida da kwata zuwa bakwai saura kwata duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Cikin dajin ma tun kafin magariba yake rufewa. Gaɓar gabas take kallo, babu faɗuwar rana da za ka tsaya kallo a kan ruwa, saboda haka ka yi la'asar ka naɗe tabarma, biyar ta same ka a hanya. In da daladala za ka koma, ka ƙara sauri, motocin Konde da wuri suke ƙarewa. Ka tattara duk abin da ka zo da shi, har ɓawon ayaba da murfin gora, don shanun nan roba suke haɗiya. Murjani da manyan ɓawon katantanwa ka bar su, fita da su daga ƙasar ba tare da izini ba na iya tsayar da kai a filin jirgi. Ka ɗauraye ƙafa da sauran ruwan gora kafin ka sa takalmi, ka leƙa ƙofar Ngezi ka ce musu ka fito. A masauki ka wanke duk abin da gishiri ya taɓa, har zik ɗin jaka, in ba haka ba kwana biyu ya ci tsatsa ya ƙi buɗewa. In gobe za ka koma, ka ƙara minti 50 a kan duk lissafin yau.